UPS yana jure obalodi a kan NEPA, amma yana ɗaukewa nan take a kan batir da janareta: mene ne dalili?

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum injiniyoyi da masu sana'a. Ga matsala ina neman a warware mana. UPS ne (na'urar da ke riƙe wa kaya wuta daga batir in an ɗauke), irin onlayin, mai 10kVA, mai layin wuta ɗaya, yana ɗauke da kwamfutoci kusan 60 na ɗakin jarrabawa, da saba ɗaya (babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita), da firinta babba. In wutar NEPA na da kyau, wani lokaci sai ya yi ƙara, fitilar obalodi (wato lodi ya fi ƙarfinsa) ta kama, can kuma ya koma daidai, babu abin da ya mutu. Amma in yana kan batir ko kan janareta, kayan nan dai su ne, sai ya ɗauke gaba ɗaya. A littafinsa an rubuta yana jure kashi 125 na minti 10. To ina minti goman ya tafi? Lalacewa ya yi, ko haka aka ƙera shi?

Injiniya_Arkilla:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a ce ya lalace, koma shafin da ka ga kashi 125 ɗin nan. Yawancin masu ƙera onlayin layin rubutu uku suke sawa a wurin: juriyarsa a kan wutar gari, juriyarsa a kan batir, da juriyarsa a kan baifas. Layin farko kawai mutane suke karantawa su rufe littafi.

Onlayin yana da hanya biyu zuwa ga lodi. A ta farko wuta tana shigowa, rektifaya ta mayar da ita DC, inbata ta sake mayar da ita AC, batir kuma yana rataye a tsakaninsu. Ita ce hanyar kullum. Ta biyu ita ce baifas, wadda ke ɗauko wutar gari ta miƙa wa lodi kai tsaye ta cikin wani makunnin lantarki da ake kira SCR, ko rile a ƙananan na'urori. Inbata da wasu makunnan lantarki masu suna IGBT take aiki, su kuwa ba sa jure zafi na dogon lokaci, shi ya sa aka sa mata agogon da ke ƙirga lokacin obalodi. A manyan na'urori abin da aka fi gani shi ne kashi 110 na awa ɗaya, 125 na minti 10, 150 na minti ɗaya, abin da ya haura haka kuma bai wuce milisakan ɗari biyu zuwa biyar ba. Ƙananan masu layi ɗaya sau da yawa ba su kai haka ba.

To in agogon ya cika fa? In akwai wutar gari mai kyau, inbata sai ta sauke kayan a kan baifas ba tare da yankewa ba, lodi ya sauko, ta karɓi abinta. Ƙarar da kake ji ke nan. A kan batir kuwa babu wanda za ta miƙa wa, sai ta ɗauke wuta don ta tsira da IGBT ɗinta.

MaiMita_Gwiwa:
Ni fa ina zargin batir ne. Obalodi bai cika kashe 10kVA da kwamfuta 60 ba.

Injiniya_Arkilla:
Zai iya zama batir, amma batir ba zai bayyana abin da ke faruwa a kan janareta ba. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a shiga rajistar da ke cikin allon na'urar a karanta abin da ta rubuta na ƙarshe kafin ta ɗauke. Obalodi da ƙarewar batir lamba daban-daban gare su.

MaiMita_Gwiwa:
Na yarda, amma a duba lissafin nan. Irin wannan na'ura yawanci batir 16 take ɗauka masu bolt 12, jimla 192, wasu kuma 20. In lodi ya kai wat 8,200, da asarar da inbata ke yi, batir zai ba da am 46 ko kusa da haka. In lodi ya haura zuwa kashi 125, bolt ya ɗan sauka zuwa 180, ana maganar am 68. Na'urar tana yanke batir in kowane ɗaya ya sauko wajen bolt 10 zuwa 10.5. Batir guda mai rauni a cikin jerin ya isa ya ja duka ƙasa, don a jere suke, wuta ɗaya ce ke ratsa su. Shi ya sa sai ka auna batir babu lodi ka ga 12.8, ka ce lafiyarsa lau, alhali da an ɗora masa am 50 zai faɗo 9 cikin daƙiƙa kaɗan. A auna su ɗaya bayan ɗaya lokacin da na'urar ke kan batir da lodinta. Duk wanda ya yi ƙasa da 'yan uwansa da rabin bolt ko fiye, a sa masa alama. Kuma batirin gubar nan, in aka ja shi da ƙarfi ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa. Mai 100Ah an auna shi ne a kan ja na awa 10 ko 20, in ka ja shi am 68 ba za ka samu awa ɗaya da rabi ba.

Baba_MaiWaya:
Wanga batu na janareta shi na ba a taɓa ba tukuna, kuma shi ya fi cin mutane nan Sakkwato. Baifas ba ƙofa ta ba da ka buɗe kullum. Sai wutar da ka bakinta ta cika sharaɗi biyu. Bolt ya zan cikin iyakar da anka saita, galibi kashi 10 zuwa 15 sama ko ƙasa da 230. Sannan firikwansi, wato saurin juyin wuta, ya tsaya kusa da 50Hz, inbata ta samu ta bi shi su daidaita taki. Inbata ba ta bin firikwansi da gudu, wajen 1Hz cikin daƙiƙa ɗaya akan saita ta. To janareta ƙarami, ko wanda gwamnansa (abin da ka daidaita gudunsa) ya gaji, da lodi ya faɗo mai sai gudunsa ya sauka, ka ga 47, ka ga 52. Daidai lokacin da inbata ka neman baifas, lokacin ne anka rufe mata shi. Sai ta yi tamkar tana kan batir, ta ɗauke.

Ɗana, dubi allon na'urar in janareta na aiki. In kag ga alamar baifas na kyaftawa, ko an rubuta ba ya samuwa, to ga amsarka nan.

Dan_Mabera:
Allah ya saka da alheri Baba. Tabbas alamar tana kyaftawa a kan janareta. Janaretan 15kVA ne, kuma yana ɗauke da fankoki da fitilu da wasu esi na ofis.

Baba_MaiWaya:
To ya yi kaɗan. 15kVA ga UPS mai 10 shi kaɗai ma iyaka ta ke nan, don ana son janareta ya kai ninki ɗaya da rabi ko fi, ga cajin batir a kai. Balle an haɗa mai da esi.

Hajiya_Sola:
Ina so in ƙara kan maganar Baba, domin ba janareta kaɗai ke rufe baifas ba. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, in kowa ya kunna esi da firji, wutar layi takan sauko 170 ko 160 a unguwanni da yawa. Wannan ya fita daga iyakar baifas. Na'urar tana nuna akwai wuta, tana aiki, amma hanyar tsirarta a rufe take. Akwai kuma abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Faɗin bolt ɗin da rektifaya ke karɓa ya danganta da lodi. Da yawa a littafi za ka ga suna karɓar 110 ko 120 in lodi rabi ne, amma in lodi ya cika sai daga 176 ko kusa da haka. Ke nan a bolt 165 na'ura mai rabin lodi tana zaune lafiya, mai kashi 90 kuwa ta koma batir, ga NEPA a gari. Mai wurin bai sani ba yana cin batirinsa, sai obalodi ya zo ya same shi a layin littafi na biyu, ba na farko ba.

Magani shi ne sitabilaiza irin mai mota a ciki (servo) a gaban UPS, amma a sayi babba. A bolt 170 na'urar za ta ja am 57 zuwa sama don ta ba da wat 9,000, ban da caji. Waya da breka na shigowa ma a auna su da wannan.

Yaro_Dandima:
Oga Injiniya, tambaya. Ba za a iya faɗaɗa iyakar baifas ɗin a saiti ba, a ce ya karɓi har 170?

Injiniya_Arkilla:
Ana iyawa a yawancinsu, ƙanena, amma ka san abin da ka saya da shi. Baifas ba ya gyara wuta, yadda ta zo haka yake miƙa ta. In ka buɗe shi zuwa 170, duk lokacin da aka yi obalodi kwamfutocin 170 za su sha. Mafi yawan kwamfutocin yanzu suna karɓar 100 zuwa 240, su babu damuwa. Amma ga ƙaramin bolt wutar da suke ja tana ƙaruwa, kuma duk wani abu mai mota da ke kan layin zai sha wahala. Gefen sama kuma kada a taɓa shi. Firikwansi za a iya ɗan faɗaɗawa don janareta, wasu na'urorin ma suna da saitin janareta na musamman.

Malam_Runjin_Sambo:
Akwai haɗarin da ba a ambata ba. Mai tambaya ya ce a kan NEPA "babu abin da ya mutu", kamar wannan yanayin lafiya ne. Duk daƙiƙar da na'urar ta yi a kan baifas, kayanka ba su da kariya. In wuta ta ɗauke a lokacin, lodi kuma bai sauko ba, inbata ba za ta iya karɓa ba. Sannan na'urori da yawa suna ƙirga wannan kai-komo. In suka yi shi kamar sau uku cikin awa ɗaya sai su maƙale a baifas, su ƙi komawa inbata har sai lokaci ya wuce ko an sake saita su da hannu. Mutum yana ganin fitilu na ci, ashe wayar banza ce kawai tsakaninsa da NEPA.

Shi ma baifas ɗin yana da iyaka. Yana jure bugu mai ƙarfi na ɗan lokaci, har ninki goma na 'yan milisakan a manyan na'urori, domin SCR ya fi IGBT ƙashi. Amma obalodi mai tsawo zai zafafa shi, ko breka ta shigowa ta faɗi.

Yaro_Dandima:
To yanayin ECO fa? An ce yana rage cin wuta.

Malam_Runjin_Sambo:
Yana ragewa, don a ECO lodi a kan baifas yake zaune dama, inbata tana jiran ko-ta-kwana. Ingancin yakan kai kashi 98 zuwa 99, maimakon 92 zuwa 96 na hanyar kullum. Wajen obalodi kuwa abin a juye yake. Muddin wuta na nan, bugun tashin mota ko firinta zai wuce ta baifas, inbata ba ta ma ji ba. Matsalar tana zuwa ne in wuta ta ɗauke ko ta fita iyaka: inbata za ta karɓi lodin duka a bugu ɗaya cikin 'yan milisakan, kuma in ya fi ƙarfinta a lokacin, ta ɗauke. Ga wutar da ke hawa da sauka kamar tamu, na'urar za ta yini tana tsalle tsakanin hanyoyin biyu. Ban ba da shawarar ECO a ɗakin jarrabawa ba.

Injiniya_Arkilla:
Haka ne. A duba kuma kada wani ya sa ta a yanayin da aka rubuta CVCF. Wasu masu sakawa suna kunna shi don na'urar ta daina kuka da firikwansin janareta, tana fitar da 50 cif ko me ya shigo. Amma a wannan yanayin baifas a kashe yake gaba ɗaya, kuma na'urori da yawa suna rage ƙarfin da suke ɗauka sosai. Mai 10kVA zai iya zama mai 6 ko 7.

Ummu_Kwamfuta:
Don Allah a taimaka wa masu ƙananan UPS na shago, irin 650VA da 1200VA. Su ma haka abin yake?

Hajiya_Sola:
'Yar uwa, su tsarinsu daban ne. In akwai wuta, inbatarsu a kashe take, lodi yana bi ta taransifomar da ke daidaita bolt ne, ko kai tsaye. Obalodi a nan ƙara ce kawai, in ya yi yawa fis ya ƙone ko ɗan maɓallin baya ya fito. Shi ya sa mutum zai ɗora masa kwamfuta biyu da firinta ya yi wata guda bai ga komai ba. Ranar da wuta ta ɗauke, rile ya juya cikin milisakan 2 zuwa 10, inbata ta ji nauyin, ta mutu nan take. Ki kuma lura 650VA ba wat 650 ba ne, wat 360 zuwa 390 ne, a kan batir ɗaya mai bolt 12 da 7Ah. A cikakken lodi ana jan fiye da am 30 daga ɗan batirin nan. Gwajin gaskiya shi ne ki kunna duk abin da ke kai, ki ajiye aikinki, ki zare fulogin daga bango ki gani. Firintar lesa kuwa kada ta hau kansa sam, hitar da ke cikinta ita kaɗai ta fi ƙarfinsa.

MaiMita_Gwiwa:
Wannan magana ta VA da wat ta shafi mai tambaya ma. Malam Dan_Mabera, 10kVA ɗin naka wat nawa ne? Akwai mai 8,000, akwai 9,000, akwai 10,000. Na'urar tana duba duka biyun, wanda ya fara cika shi ne obalodi.

Dan_Mabera:
An duba. 10kVA, wat 9,000. Allon yana nuna lodi kashi 90 zuwa 92 in duk kwamfutoci na kunne. Kilam mita (mitar da ake maƙala wa waya) ta nuna am 39 a wayar fita. Rajista kuma obalodi ta rubuta, ba batir ba. Sai dai an gano wani abu: esi mai doki ɗaya da rabi na ɗakin saba a kan allon rabon UPS aka haɗa shi. Da kwamfireso ya tashi, allurar ta yi sama, a nan ne ƙarar ke fara.

Injiniya_Arkilla:
To ga minti gomanka. 10kVA a bolt 230 am 43 ne da ɗan kai. Kwamfireso irin wannan yana cin am 5 zuwa 6 in yana gudu, amma wajen tashi yakan ja ninki biyar zuwa shida, a ce am 36. Haɗa da am 33 ko 34 na sauran kayan, ka kusa 70, wato kashi 160. Ba ka taɓa shiga layin kashi 125 ba, tsallake shi kake yi ka faɗa layin ƙarshe, inda lokacin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A kan NEPA baifas yana haɗiye bugun. A kan batir da janareta babu mai haɗiyewa. Na'urarka lafiyarta ƙalau.

MaiMita_Gwiwa:
Na janye zargin batir a matsayin dalili. Amma duk da haka a auna su, don sun sha wannan bugun sau da yawa.

Baba_MaiWaya:
Tun da anka buɗe allon rabo, a dubi brekokin da ka ciki. Wanga shi na ɗan uwan obalodi. In waya ta haɗe a wani soket, a kan NEPA na'ura tana jefa lodi baifas, wuta mai ƙarfi ta zo, brekar wannan reshe ta faɗi, saura su tsira. A kan batir inbata ba ta iya ba da fiye da ninki biyu zuwa uku na ƙarfinta, shi ma na ɗan lokaci, a ce am 90 zuwa 130 ga wagga na'ura. Breka mai harafin C tana son ninki 5 zuwa 10 kafin ta faɗi nan take. C32 ke nan tana son am 160 zuwa 320. Inbata ba ta kai can, sai ita ta riga brekar ɗaukewa, ɗaki duka ya yi duhu saboda soket guda. Mai harafin B ninki 3 zuwa 5 take so, B16 tana faɗuwa tsakanin 48 da 80. A raba kwamfutocin reshe-reshe, kowane da B10 ko B16, kada a tara su ƙarƙashin babbar breka ɗaya. Sai dai kar a cika reshe guda da kwamfuta da yawa, don bugun kunna su tare na iya kada B.

Malam_Runjin_Sambo:
Masu na'ura mai layi uku su ma su ɗauki darasi a nan. Obalodi layi-layi ake ƙirga shi. 30kVA na nufin 10 a kowane layi. In ka tara 12 a ja, 4 a ruwan ɗorawa, 3 a shuɗi, jimla 19 ce kawai, amma na'urar tana cikin obalodi.

Yaro_Dandima:
Oga, in za a cire esin daga allon, dole a kashe komai? Akwai wani makunni a bayan na'urar an rufe shi da ƙarfe.

Injiniya_Arkilla:
Wannan baifas ɗin gyara ne, na hannu. Amfaninsa a cire UPS daga layi a yi masa aiki kaya na ci. Ba ya kashe allon rabo, don haka aikin cire wayar esi sai an kashe allon, a yi shi ranar da babu jarrabawa. In kuma za a yi amfani da makunnin don gyaran na'urar, a bi tsari: a fara mayar da ita baifas na ciki daga allo, a tabbatar inbata ta tsaya, sannan a cire murfin a juya makunnin. Dawowa kuma a bi ta baya. Wanda ya juya shi inbata na aiki ya haɗa wutarta da ta gari kai da kai, abin da ke biyo baya ƙonewar IGBT ne. A wannan yanayin babu agogo, babu batir, breka ce kawai tsakaninka da obalodi. Kuma ko an kashe komai, jerin batir mai bolt 192 da kafasitocin ciki suna nan da wutarsu, suna kisa.

Hajiya_Sola:
Ni ban gamsu a cire esin a tsaya nan ba. Wanda ya haɗa shi a can yana da dalili. Na'urorin nan an rubuta musu aiki har zafin digiri 40, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana wuce haka, balle ƙaramin ɗaki a rufe da saba da UPS suna fitar da zafi. Juriyar da ke littafi ba a irin wannan zafin aka auna ta ba, na'ura mai zafi tana iya ɗaukewa kafin agogon ya cika. Batir kuma digiri 25 yake so, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka da ƙarfen sanyaya. A hure su da iska duk wata biyu ko uku, na'ura a kashe. Shawarata a mayar da esin kan wata inbata ta sola daban, ko a canza shi da irin esi mai inbata, wanda ke tashi a hankali ba tare da bugu ba.

Malam_Runjin_Sambo:
Hajiya, ko mai inbata ne ban yarda ya zauna a kan UPS ɗin nan ba. Kashi 90 ɗin da ake kai ya riga ya yi yawa. Ana son a tsaya wajen 70 zuwa 80 don a bar wa bugu wuri. In an cire esi da firinta, a sake aunawa. In har yanzu ya haura 80, a raba ɗakin biyu a ƙara na'ura.

Hajiya_Sola:
Ban ce ya zauna a kai ba in akwai inda za a kai shi. Amma in babu kuɗin inbata ta biyu, kuma wuta ta ɗauke da azahar a Afrilu, ɗakin saba babu sanyi minti nawa zai yi?

Baba_MaiWaya:
A mai da shi layin janareta. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta minti biyu ko uku na, ɗaki ba ya dahuwa cikin wannan. Amma a sa mai ɗan jinkiri na minti uku kafin kwamfireso ya tashi, don UPS ya riga shi zama a kan janareta. Janaretan kuma a rage mai esin ofis, ko a nemi babba.

Dan_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Za a cire esi da firinta ranar Asabar, a raba reshen da B16, a auna batir ɗaya-ɗaya. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: am 39 ɗin da aka gani, esin yana gudu a ciki. In an cire shi zai dawo wajen 33 ko 34, kashi 77 ke nan ko kusa. Da wannan, kwamfutoci 60 za su iya tashi tare a kan batir, ko sai an kunna su layi-layi?

Injiniya_Arkilla:
Layi-layi, goma ko sha biyar a lokaci guda, da tazarar daƙiƙa kaɗan. Kowace kwamfuta tana jan bugu mai ƙarfi na 'yan milisakan lokacin da kafasitocinta ke cika, kuma wannan yana faruwa ne da zarar wuta ta shiga soket, ko ba a danna maɓallinta ba. Ka ɗaga brekokin reshen ɗaya bayan ɗaya. In ka gama aikin Asabar ɗin, turo mana abin da allon ya nuna a kan janareta, bolt da firikwansi da ko alamar baifas ta daina kyaftawa.